Mai Walda da Ɗiyar Mai Fito

A shekarar da aka sami 'yancin kai, damina na ja da baya, aka sauke manyan ƙarafa a bakin wani gulbi kusa da Bahindi, kan hanyar da ke fita iyakar Dahome. Gada za a yi. Saratu, ɗiyar Malam Na'Allah mai fito, ita ke tuƙo ƙaramin jirgin ubanta kowace safiya ta kawo wa ma'aikata fura da soyayyen kifi.

Nan ta fara ganinsa. Dogon saurayi ne durƙushe gaban wani ƙarfe mai kauri, yana ta yawo da harshen wuta a kansa, bai haɗa komai da komai ba. Ta sayar da rabin furarta ta dawo, yana nan yana yi.

"Malam, gasa shi kake ka ci?" ta ce.

Ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya dube ta, ya yi murmushi.

"Ɗumama shi nike. Ƙarfe mai kauri in ya kwana cikin raɓa, anka yi mai walda da sanyinai, daga waje sai ki ga ya kama. Daga ciki kuwa ya tsage, inda ido bai gani. Ran da babbar mota ta hau, ran nan za a sani."

Ya goga wani alli na gwada zafi a jikin ƙarfen, allin ya narke. Sai a lokacin ya ɗauki abin waldarsa.

"Kauda ido, hasken na da cuta," ya ce mata.

Ta kauda, amma ba ta yi nisa ba. Sunansa Bunyaminu, mutumin Kamba. Kafin wata ya ƙare, furarsa daban take damawa, da nono mai kauri, a ƙwaryar da ba ta ba kowa. Shi yana ce mata 'Yar Gulbi, ita tana ce masa Mai Wuta. Wata rana ya ce mata, "'Yar Gulbi, in jirginki bai ɓullo ba, hannuna bai zama daidai." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To ka bari in makara gobe, in gani." Ba ta makara ba.

Da magabatansa suka zo daga Kamba neman izinin aurenta, Malam Na'Allah ya tarbe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya kuma ce a'a. Bayan sun tafi ya kira ta.

"'Yar Baba, gulbin ga shi ya ciyar da kakana, shi ya ciyar da ke. Ran da anka gama gadar ga, wa za ya shiga jirgina? Mai kashe min sana'a shi zan ba ɗiyata? Kuma mutum ne mai bin aiki, yau nan, gobe can. Ga Ango nan, ɗan gari, shina da mota hannu."

Ango direban babbar mota ne, yana kai gishiri da goro iyaka, ya daɗe yana zuwa gaishe da tsohon. Saratu ba ta yi musu ba. Ta dai ce, "Baba, ni ban son Ango." Ya ce ba zai tilasta ta ba, amma ta bar kai fura bakin gada.

Daga nan sai gwaggonta Batulu, ƙanwar ubanta, ta karɓi tallan, ta kuma zama mai kai magana. Ta dawo ta ce, "Mai Wutarki ya ce in gaya miki: furar gwaggo ta yi daɗi, amma ba ita ba ce. Ya ce ki yi wa Baba biyayya, shi ba ya gaggawa."

Saratu ta ce, "Ki ce mai ya riƙa sa safar hannunai. Na san halinai."

Ana haka aka yi wani ruwan bazata da rana tsaka, lokacin da Bunyaminu ke tsakiyar haɗa babban ƙarfen da ke ɗauke da tsakiyar gadar. Ruwa ya sauka kan ƙarfe mai zafi. Washegari gulbi ya ƙaru, ya tafi da katakon da ma'aikata ke tsayawa a kai. Kwana biyu bayan haka Batulu ta dawo da fura, ta ce ba ta ga Bunyaminu ba.

Da yamma Ango ya zo ƙofar gida, ya zauna da Malam Na'Allah, ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida.

"Ai aikinai ya tsage, an kore shi. Ni na kai shi Birnin Kabi da motata. Ko waiwaye bai yi ba."

Saratu na daka a tsakar gida. Ta ajiye taɓarya ta shiga ɗaki. Ba korar ce ta fi ci mata rai ba, tafiyar ce babu ko sallama. Kwanaki ta yi tana aikin gida kamar wadda aka aro, abinci sai Batulu ta tsaya a kanta.

Ranar kasuwa da hantsi ta ji sallama a ƙofar gida, muryar da ta sani. Ta matso ta laɓe bayan zana.

Bunyaminu ne, ya durƙusa gaban ubanta.

"Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Haɗin da ruwa ya doka, na koma na duba, na ga tsaga kamar silin gashi. Na gaya wa injiniya, ya ce a kankare shi duka a sake. Iskar gas ɗinmu ta ƙare, shi ya aike ni Birnin Kabi in ɗauko. Na ba Ango saƙo ya kawo gidan ga, ban sani ba ko ya iso."

"Bai iso ba," in ji Malam Na'Allah, fuskarsa a ɗaure.

Saratu ta zame ta zauna a ƙasa. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, don wani nauyi ne ke sauka daga ƙirjinta.

"Katakon tsayawarmu ruwa ya ɗauke," Bunyaminu ya ci gaba. "Sai an ɗumama ƙarfen ta ƙasa, kuma babu jirgin da zai ɗauki tukwanen gas ya tsaya cik cikin ruwan ga sai babban jirginka, da hannunka a kai."

Tsohon ya juya ya dubi wajen gulbi. Sannan ya ce, "In gadar ga ta faɗi da mutane, ni za a kira in tsamo gawa. Na tsamo isassu a rayuwata. Gobe da safe."

Washegari tsohon ya tafi da Saratu ta riƙe masa igiyar baya, don babu wanda ya yarda da hannunsa a ruwa kamar ita. Suka ɗaure jirgin a ƙarƙashin gadar, ruwa na fizga, tsohon ya kafa gora ya tokare. Bunyaminu ya tsaya a kan benci cikin jirgin, ya ɗaga wuta sama, yana bi a hankali. Ya goga allin, bai narke ba. Ya ci gaba. Kafaɗun tsohon suka fara rawa.

"Yaro, bai isa ba?"

"Da saura, Baba. Ka yi haƙuri."

Da allin ya narke ya fara walda. Wani tartsatsi ya faɗa masa cikin hannun riga, Saratu ta ga fatar ta tashi, ta ciji leɓe. Bai tsaya ba, don in ya tsaya ƙarfen zai huce. Sai da ya kai ƙarshe, ya lulluɓe wurin da bargon da wuta ba ta ci domin ya huce sannu a hankali, sannan ya zauna ya tsoma hannun a ruwa.

Malam Na'Allah ya dube shi, ya dubi ɗiyarsa da ke yage gefen gyalenta za ta ɗaure ƙunar.

"In an gama gadar, ina za ka?"

"Na nemi aiki sashen hanya na En'e, nan Bagudo. Sun karɓe ni. Ba inda za ni, Baba."

"To ka ce wa mutanenka su dawo."

Ranar da aka gwada gadar, aka jera manyan motoci cike da duwatsu a kanta. Saratu na bakin gaɓa, ta riƙe hannun Batulu gam. Injiniya ya shiga ƙasa ya duba, ya fito ya miƙa wa Bunyaminu hannu. Sai a lokacin ta saki numfashi. Ango kuwa ya canza hanya, ya daina bi ta ƙofar gidansu.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Na'Allah ya mai da babban jirginsa kogin Kwara, inda fito bai ƙare ba. Da za a tafi da amarya, ya dafa kanta.

"'Yar Baba, na ga aikin mijinki da idona, hankalina kwance. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku zuri'a mai albarka, shi tsare ku daga bakin mutane."

Mata suka amsa da amin, Batulu ta rangaɗa guɗa. Saratu ta leƙo ta ƙasan mayafi, ta hango Bunyaminu cikin abokansa yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, ya kasa.