Bishiyoyin Tsakar Gidan Inuwa

Magariba ta kawo jiki a Hunkuyi, Mairama na kwashe shanya, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ta ɗaga kai, ba kowa a kan katanga. Na biyu ya sauka a gindin ƙananan bishiyoyin nan masu jan fure, waɗanda mijinta Inuwa ya ɗauko daga Zariya a bayan babur, don kawai ta taɓa cewa suna burge ta.

Tun tsakiyar damina bishiyoyin ke ciwo. Ɓawonsu ya kumbura ya tsage, ƙaro na tsatsowa, rassan sama na bushewa ɗaya bayan ɗaya. Inuwa ya ɗora laifin kan awakin maƙwabcinsa Tukur. A ƙofar masallaci ya faɗa, a gaban jama'a, da kalmomi masu nauyi. Ranar kasuwa Tukur ya kora awakinsa ya sayar.

Jifan bai tsaya ba. Da rana ta faɗi sai a riƙa jin numfashi a tsakar gida, irin na wanda aka shaƙe. Wata yamma 'yarsu Juwairiyya ta yanke jiki ta faɗi kusa da randa, hannu biyu a wuya, idanu a kafe.

Aka ɗauko Malam Salman, mai ruƙiyya, daga Likoro. Maƙwabta suka taru, Tukur ya tsaya daga bakin zaure. Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya motsa. Muryar tsohuwa ce ta fito, a dishe. Ta ce ita da jikokinta a cikin bishiyoyin suke zaune, yanzu kuwa ana kashe musu mazauni a hankali.

Malam ya tambaya ko awaki ne.

"Awaki?" Ta yi wata busasshiyar dariya. "Tambayi maigidan. Wa ya ɗaure su da wayar ƙarfe a jikin turke lokacin iskar bazara, ya manta, har ɓawo ya haɗiye ta?"

Inuwa ya sunkuyar da kai. Ya tuna.

Ta nemi a bar mata yarinyar har bishiyoyin su warke. Malam ya ƙi. Suka yi ta ja, daga ƙarshe ta sauko: a yanke wayar, a sare matattun rassa har inda itacen ke da rai, a bar raunin ya sha iska. Kuma maigidan ya faɗi gaskiyar maganar a inda ya ɗora wa maƙwabcinsa laifi. Inuwa ya ɗaga kai alamar yarda, bai dubi kowa ba. Juwairiyya ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta kira sunan uwarta.

Washegari bayan sallar azahar Inuwa ya miƙe a ƙofar masallaci, ya faɗi komai. Tukur ya saurara har ƙarshe.

"Allah ya yafe mana, Inuwa," ya ce a hankali. "Su dai awakin sun tafi."

Ya sa takalmansa ya wuce.