Tsohuwar Cikin Wasa Ta Rama Ziyara

Shekarar da aka tura Dikko malamin gona Kebbe, iyalinsa suna Tambuwal, ba shi da abokin hira sai akwatin wasan talabijin da yake haɗawa da batirin mota. A cikin wasan akwai wata tsohuwa mai gadin rijiya, irin ta tatsuniya, wadda sai jarumi ya sare ta hanya ke buɗewa. Dikko ya kasa, don ta yi jika da shi. Kullum ya iso gabanta sai ya saki abin latsawa ya ce, "Inna, barka da dare," ya yi ta ba ta labarin yininsa.

Wani daren Alhamis, gari ya yi tsit, aka yi sallama a bakin ƙofa. Muryar siririya ce, tana tsinkewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ƙaurin waya ya cika ɗakin.

"Wane ne?" in ji Dikko.

"Ɗana, kai ɗai ka gaishe ni. Shi ya sa niƙ ce yau bari in rama ziyara."

Dikko ya waiga ga talabijin. Rijiyar tana nan, da guga a gefenta, amma babu kowa a bakinta.