Ranar Da Mai Shara Ya Daka Wa Baba Tsawa

"Mai shara! Wallahi mai shara ne!" Yaya Babba ya buga wayarsa a kan teburin falo har shayin Baba ya fantsama. "Ga hoto nan, abokina ne ya ɗauko shi. Injiniyan da ake cika mana baki da shi ke nan, da manjagara a hannu!"

Auta tana tsaye a ƙofar kicin, hannunta duk kumfar sabulu. Wata takwas ke nan Dogo yana neman aurenta, abin da ya rage kawai Baba ya ba shi izinin turo manyansa.

"Ni ban taɓa cewa injiniya ne ba, Yaya. Cewa na yi yana aiki a dam."

Gaskiyarta kuwa. Gwaggo ce, ƙanwar Baba, da ta ji "dam" ta ƙara masa "injiniya" daga aljihunta, ta bi unguwa gida-gida tana shela. Yanzu ita ta fi kowa ɗaga murya.

"Rufe mini baki, marar kunya! Da wane ido zan kalli mutane?"

"Gwaggo, ragar ƙarfen da ruwa ke bi ya shiga injin wutar lantarki yake sharewa. In rassa da ciyayi suka toshe ta, injin tsayawa zai yi. Fankar nan da ke kanku ma—"

"Oho! Lacca za ki yi mana?" in ji Yaya Babba. "Baba, ni dai ban yarda ba. Fainal!"

Hawaye suka zubo wa Auta, na baƙin ciki da na haushi. Baba ya daɗe yana shafa gwiwarsa mai ciwo kafin ya ce, "Ranar Asabar za mu je. In na gani da idona zan yanke magana."

Madatsar ruwan, wato dam ɗin, tana can cikin gandun dajin gwamnati, kuma ko mai fushi ya isa wurin sai ya yi shiru. Ga tafki shimfiɗe tsakanin duwatsu, shuɗi shar, ba a hango ƙarshensa, fararen tsuntsaye na shawagi a kansa. Ga katangar kankare ta tokare ruwan, mutane a samanta kamar tururuwa. Baba ya ce, "Ikon Allah!" Gwaggo kuwa ta ce ita ba kallon ruwa ya kawo ta ba.

A kan katangar suka tarar da Dogo cikin rigar aiki, yana janyo wani jiƙaƙƙen reshe da doguwar manjagara. Ya ajiye, ya durƙusa har ƙasa.

"Sannunku da zuwa, Baba. An sha hanya."

"Ranka ya daɗe, injiniya!" Yaya Babba ya toshe hanci. "Yau kilo nawa aka kwaso?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dogo ya yi murmushi kawai, ya zagaya da su, ya nuna musu inda injinan suke, Yaya Babba na binsa da baƙar magana. Da zai koma bakin aiki ya nuna ƙasan katangar, inda kogin ya kusa ƙafewa, duwatsu sumul-sumul suka fito fili.

"Baba, don Allah abu ɗaya. Kada a wuce jan matakalan can. Ana buɗe ƙofofin ruwa ba tare da tsayayyen lokaci ba. In kun ji jiniya—"

"Kai, dakata! Mai shara ne zai kafa mana doka?"

Ai kuwa kamar an zuga shi. Dogo na juya baya, Yaya Babba ya ce nan ne ya fi kyau da hoto. Ya riƙe hannun Baba cikin ladabi, "A hankali, Baba, taka nan, Baba," har ya kai shi tsakiyar duwatsun. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma, ta jera kulolin abinci. Auta ta tsaya a kan jan matakalan, ta ƙi sauka.

"Zauna nan ki yi wa mijinki biyayya!" Gwaggo ta yi tsaki.

Suna tsakiyar ɗaukar hoton selfi jiniya ta ɗauki kuka.

"Yaya! Ku fito!" Auta ta ƙwalla.

"Rilas, yarinya! Jiniyar tafiya cin abinci ce. Shekara shida ina jin irinta a masana'antarmu, sha biyu da rabi daidai." Ya duba agogo, ya ga kuwa sha biyu da rabin ce, sai ya ƙara gyara zama.

Auta ta ga Dogo ya jefar da manjagara, yana tsallake matakala uku-uku. Ya wuce ta kamar bai san ta ba.

"Ku tashi! Na ce ku tashi! Baba, tashi!"

Baba ya ɗago, fuskarsa ta murtuke. Tun da ya girma ba a taɓa yi masa irin wannan tsawa ba. "Kai yaro, ni kake wa ihu?"

Yaya Babba ya shaƙe wuyan rigar Dogo, ya ɗauke shi da mari, tas! Dogo bai ko kalle shi ba. Ya ture shi gefe, ya sunkuya ya saɓi Baba a kafaɗa, hular tsohon ta faɗi. Auta ta sauko a guje ta fizgi hannun Gwaggo, wadda ke tirjewa tana tsine wa tarbiyyar yaran zamani.

Sai suka ji rugugi daga gindin katangar.

Yaya Babba ne ya fara isa sama. Ya wuce Gwaggo, ya wuce Auta, ya wuce uban da ya kawo, takalmi ɗaya a ƙafa. Da Dogo ya dire Baba a kan wani benci suka waiwaya, babu duwatsun. Farin ruwa ne ke ta ambaliya, tabarma da kuloli da hular Baba suna juyi a cikinsa har suka ɓace.

Gwaggo ta zube tana salati. Auta ta juya kan yayanta.

"Jiniyar cin abinci ko, Yaya? To sauka ka ci! Ka kai mana uba cikin kogi, ka mari wanda ya zo ɗauko shi, ka gudu ka bar shi!"

Yaya Babba ya sunkuyar da kai.

Dogo ya durƙusa, shatin yatsu a kumatunsa. "Baba, ka yafe mini. Na ɗaga maka murya a gaban iyalinka."

Baba ya kalli inda ya zauna ɗazu. "Ɗana ya lallaɓa ni da 'a hankali, Baba' har cikin halaka. Kai ka daka mini tsawa ka fitar da ni. Tun safe ake ci maka fuska ba ka tanka ba, sai da raina ya shiga haɗari ka buɗe baki." Ya dafa kansa. "Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Ya waiwayi ɗansa. "Kai kuma sauka nan, ka durƙusa ka ba shi haƙuri."

Haka Yaya Babba ya durƙusa a gaban mai shara, da takalmi ɗaya, 'yan yawon buɗe ido na kallo. Auta ta rufe fuska da mayafi, tana kuka tana dariya.

Haƙurin Dogo da na Auta bai faɗi ƙasa banza ba. Ba sunan aikin mutum ake aure ba, halinsa ake aure. Gwaggo ma ta gane hakan, ko da yake da ta koma unguwa cewa ta yi surukin nasu shi ne babban jami'in ceto na dam ɗin baki ɗaya.