Rediyon Motar Baba Na'ibi

Ranar da Munzali ya fara ganin Bashira, motar ya fara kallo, kuma har gobe tana yi masa gorin haka. Chevrolet ce ƙirar 1957, shuɗiya, ta shigo garejin da yake aikin wayarin a unguwar Waziriyya tana gurnani. Da aka sauke gilashi ya ga mai tuƙin, sai sifana ta suɓuce ta daki ƙafarsa.

"Malam, motar ce ba lafiya, ba ni ba," in ji ta, tana danne dariya.

Dattijon da ke gefenta mahaifinta ne, Baba Na'ibi, Bahaushen Sudan mazaunin unguwar Sa'alaba. Motar gadon ubansa ce, da ita uban ya yi jigilar alhazai zuwa Makka. Masu tara tsofaffin motoci sun yi tayi har sun gaji.

Fitila ɗaya ce ta mutu, amma Munzali, Bakanon da bai daɗe da samun iƙama, takardar izinin zama, ba, ya ja gyaran har sai da ya samu lambar waya.

"Bashirata, yau saboda tunaninki na haɗa waya ja da baƙa," ya rubuta mata wata rana.

Ta amsa: "Ka kula, habibi, kar ka ƙona motar mutane. Ni ma gishiri na zuba wa Baba a shayi."

Sai dai ba shi kaɗai ke nema ba. Akwai Raed, ɗan abokin Baba, mai tara irin waɗannan motoci, wanda in ya zo zance rabin hirar a gindin Chevrolet yake yi.

Da Baba zai tafi Madina ziyara, ya bar wa Munzali motar ya duba wayoyi. Nan gwanin naka ya ga damar burge suruki. Rediyon motar ba ta komai sai shuuu, don haka ya cire ta, ya sa sabuwa dal mai allo, tsohuwar kuwa ya miƙa wa mai tsintar ƙarafa. Garin neman gira aka rasa ido.

Baba ya dawo ya daɗe yana kallon allon.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Wanda bai san darajar tsohon abu ba, yaya zai riƙe mace in ta tsufa? Kar in sake ganinka a ƙofata."

Bashira ta yi kuka sosai, sannan ta tura saƙo: "A rediyon nan Baba ya riƙa jin sanarwar ganin wata yana yaro, a gefen ubansa. Ka nemo ta, masoyina, ko ka rasa ni."

Shi kuwa Raed, da ya ji kayan asali ya ɓata, ce wa Baba ya yi, "Khasara, ya ammi, an yi asara, darajar motar ta faɗi." Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga gidan, kuma Baba ya lura.

Munzali ya mai da Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, gidansa na kowace Juma'a. Rana ta gasa shi, ya rame, 'yan kasuwa suka sa masa suna Abu Rediyo. Wata la'asar ya hango ta a tsakanin matattun fankoki, ya rungume ta yana hamdala.

A gaban Baba ya mai da ita gurbinta. Ta ce shuuu.

"Baba, zan iya gyara ta ta yi magana. In gyara?"

Dattijon ya dube shi, ya yi murmushi. "Bar ta haka, ya waladi, ɗana. Yanzu ka koyi tambaya. Yalla, turo magabatanka."

Ranar kai amarya Baba ya rantse ba mai tuƙi sai shi. Ango da amarya na baya, ya murɗa rediyon, ƙarar ta cika motar, hawaye na bin gemunsa.

Bashira ta matso ta raɗa wa mijinta, "Ka ji? Kakana ke sa mana albarka."

Allah ya bar su tare, su tsufa kamar motar nan, ba tare da an canza musu ko ƙusa ɗaya ba.