Ranar Da Wayar Alhaji Ta Ƙi

"Ke ce mai gyaran?"

Hajiya Sa'adiyya ce ta yi tambayar, ko ɗago ido daga kofin shayinta ba ta yi ba.

Safara'u na durƙushe a bakin kafet, jakar laftof a kafaɗa, zufar napep ba ta bushe a goshinta ba. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, amma Alhaji Dabo kaɗai ya amsa mata har ƙarshe.

"Ni ce Safara'u, Hajiya."

"Ban tambayi sunanki ba."

A hankali Safara'u ta juya ta dubi Mustapha. Yana tsaye jikin tebur yana sharce gumi, duk da sanyin na'urar da ya cika falon. Wata goma sha ɗaya ke nan yana kiran ta Zuciyata. Yau kuwa, a gidansu na GRA, gaban mahaifiyarsa, sai ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ita ce... ma'aikaciyarmu ce."

Ma'aikaciya!



Su biyu suka gina manhajar da suka sa wa suna Garma, don manoman Batagarawa su riƙa kama layin tarakta daga wayoyinsu maimakon su yini a bakin gareji suna jira. Taraktocin na Alhaji Dabo ne, mahaifin Mustapha, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: in manhajar ta yi aiki a wayarsa yau, Mustapha ya zauna Katsina ya ci gaba da ita. In ta ƙi, ranar Litinin ya tafi Abuja ya kama aikin da aka samar masa. Mustapha ya rantse mata cewa da zarar Alhaji ya amince zai kai maganarsu gida. Amma jiya da yamma ya kira ta yana in-ina, wai ta yi zamanta, Hajiya ba ta shirya ganinta ba tukuna, Suwaiba za ta taya shi nunawa.

Ta yi zamanta. Sai ga kiransa bakwai a jere yau bayan azahar, wai manhajar ta ƙi aiki.

Ga Suwaibar nan a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, laftof ɗin Mustapha a gabanta. Ɗiyar ƙanwar Hajiya ce, wata biyu da dawowarta daga karatu a ƙasar waje, kuma kowa a gidan ya san inda Hajiya ta dosa da ita.

"Yaya Musty, wai wannan ce za ta gyara abin da ni na kasa?" Ta taɓe baki. "Ai matsalar daga ɓangarenta take. Dubi nan, a kwamfuta tana aiki lafiya lau."

Ta juyo allon. Wayar gwaji ce irin wadda ake buɗewa a cikin kwamfuta, Garma na buɗe a cikinta tsaf.

"Ni dai ba da kwamfuta nake yawo gona ba," in ji Alhaji, yana miƙo wayarsa. "Zo ki karɓa, yarinya. Turancina ba shi da yawa, amma wanga na gane shi. Ta ƙi."

Safara'u ta karɓa da hannu biyu. Ta danna.

Nan take jan rubutu ya faɗo: Connection refused.

Ta sake dannawa, tana ƙirga daƙiƙa a ranta. Ko ɗaya ba ta cika ba ya sake faɗowa.

Manhajar da ke cikin waya ba ta riƙe komai. Sunayen ƙauyuka da na taraktoci duk suna cikin sabar, wato ma'ajiyar bayanai, ita kuma sabar tana zaune a laftof ɗin Mustapha, tunda ba a ɗora ta kan intanet ba tukuna. Dole waya ta san adireshin laftof ɗin kafin ta je ta ɗauko. Safara'u ta san da hanya ce ta yanke, da wayar ta yi ta juyi har ta gaji. Wannan kuwa ta isa wani wuri ne, aka ce mata babu kowa.

Ta duba wayfay. Waya da laftof duk a kan na gidan suke.

"Ɗan ba ni laftof ɗin."

"Ki wanke hannu dai," Suwaiba ta ce tana turo shi da yatsa ɗaya.

Hajiya ta yi 'yar dariya. Mustapha ya kawar da kai.

Ba wanda ya nuna mata kujera, don haka a nan kan kafet ta zauna. Ta buɗe fayil ɗin da adireshin yake. Layin da ta rubuta da hannunta babu shi. Gargaɗin da ta ɗora a kansa, shi ma babu. Kalma ɗaya ce a wurin: localhost.

"Wa ya taɓa fayil ɗin nan?"

"Ni ce," Suwaiba ta amsa tana gyara zaman gyalenta. "Jiya na tsaftace aikin gaba ɗaya. Fisabilillahi wa ke rubuta Hausa a cikin kod? Wai 'Kada a taɓa wannan layin, a sa adireshin laftof.' Kamar allon shagon mai shayi! Na share ƙauyancin, na sa abin da duniya ke sawa."

"Kin gwada a waya?"

"Na gwada a kwamfuta."

"Waya nake tambaya. Wadda ake riƙewa a hannu."

"Ke, kada ki yi mani rashin kunya! Kin san inda na yi karatu kuwa?"

Safara'u ta dube ta tun daga takalmi har ɗaurin kallabi, ta mayar da ido kan allo. Alhaji ta yi wa bayani, shi kaɗai.

"Alhaji, kalmar da aka sa ma'anarta na'ura ta nemi abin a cikin kanta. A kwamfuta hakan zai yi, tunda sabar na ciki. Wayarka kuwa da ta nema a cikin kanta sai ta tarar babu komai. Shi ya sa ta ƙi."

"To, to. Ai ko ni na gane wannan." Ya saci kallon Suwaiba. "Ci gaba."

Ta binciko lambar da wayfay ɗin gidan ya ba laftof, ta rubuta ta a wurin kalmar, ta sake haɗa manhajar ta tura wa wayar. Minti huɗu aka yi ana jira, ba ka jin komai sai ƙarar cokali a kofin Hajiya.

Ta danna.

Connection refused.

Suwaiba ta tuntsire da dariya har da tafi.

"Ga gwanar Ƙofar Marusa nan! Anti, kin gani ko?"

"Na gani," in ji Hajiya. "Alhaji, a sallami yarinyar nan haka, a ƙyale Mustapha ya je ya haɗa kayansa."

Safara'u ta sake duban wayar. Mustapha ya matso ya durƙusa kamar mai duba waya, ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Zuciyata... don Allah. In na tafi Abuja na rasa ki."

Ta ɗago ta zuba masa ido.

"Mi ka ce, Malam Mustapha? Ɗaga murya, ban ji ba."

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi kafet.

"Na ce... ki yi ƙoƙari."

Murmushin da ta yi ya fi kuka ciwo.

Ta koma kan allo, idonta na yaji. Yanzu wayar tana zuwa inda ya dace, saura ta gano wanda ke korar ta. Ta buɗe saitin sabar. Ai kuwa! Nan ma tsaftar Suwaiba ta biyo. An mayar da sabar ba ta sauraron kowa sai laftof ɗin da take ciki. Ta goge, ta jera sifili huɗu da ɗigo a tsakaninsu, yadda duk wata na'ura da ke kan wayfay ɗin za ta samu shiga. Ta kashe sabar ta kunna.

Ba ta danna ba. Ta miƙa wa Alhaji wayarsa.

"Ka danna da kanka, Alhaji."

Ya gyara tabarau, ya yi bisimilla, ya ɗora babban yatsa.

Koren allo ya buɗe. Ga taraktocinsa shida a jere, kowace da sunan direbanta.

"Allahu Akbar! Ga ja'irar tsohuwar nan mai hayaƙi ma an sa ta!" Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Can ya tsagaita. "Tsaya. An ce mani Mustapha da Suwaiba suka yi aikin ga. Ya aka yi wannan ta san cikinsa haka?"

Suwaiba ta shiga latsa wayarta.

Safara'u ta jira. Ta ba Mustapha numfashi ɗaya, ta ƙara masa na biyu, har na uku.

Mustapha ya buɗe baki, Hajiya ta watsa masa wani kallo, ya rufe.

Safara'u ta miƙe ta rataya jakarta.

"Ma'aikaciya ce kawai, Alhaji. Allah ya ƙara girma."

"Ɗiyar wa ce ke?"

"Ɗiyar mai gyaran rediyon Ƙofar Marusa."

A bakin get Mustapha ya cim mata yana haki.

"Safara! Sarauniyata, ki tsaya ki saurare ni!"

"Yanzu muryar ta dawo?"

"Ba ki san Hajiya ba ne. Lallaɓa ta nake, a hankali za..."

"Na san ta yau. Kai ne ban sani ba sai yau." Hawayen da ta riƙe suka ɓalle, ta share da gefen hijabi cikin fushi. "An ce in wanke hannu kafin in taɓa aikin da na yi wata goma sha ɗaya a kansa, kana tsaye! Wallahi da Suwaiba ta raina ni ban ji komai ba, don na ga iyakar iliminta. Kai kuwa..."

"Ki yafe mani, Zuciyata."

"Ka zauna Katsina, na gyara maka. Sauran kuma ka nemi mai gyara."

Ta tsayar da napep ta shige, ko waiwaye ba ta yi ba.

Kwana biyar ba ta ɗauki kiransa ba. Saƙonninsa ma sai ta ga sun shigo ta kife wayar. Amma sau nawa ta ɗauko ta, ta tsura wa sunansa ido har allon ya mutu? Ita kaɗai ta sani.

Ranar Juma'a bayan la'asar babanta ya leƙo tsakar gida.

"Safara'u, fito ki gai da baƙi."

Wata doguwar mota ta cike lungun. Alhaji Dabo na zaune kan bencin shago tsakanin tsofaffin rediyoyi, yana ba babanta labarin wata rediyonsa da ya taɓa kawowa gyara shekara ashirin da suka wuce. Mustapha na tsaye gefe. Hajiya kuwa tana cikin mota, gilashi a sauke, fuska a ɗaure.

Ta durƙusa ta gaishe su.

"Ɗiyata, wayar nan ta sake ƙi shekaranjiya," in ji Alhaji. "An ɗauke wuta aka maido, shi ke nan. Suwaiba ta ce a saya mani sabuwa."

"Lambar laftof ce ta canza, Alhaji. Haka take yi in wayfay ya mutu ya tashi. Abin da ya sa na rubuta gargaɗin ke nan."

"Haka Mustapha ya ce. Shi ya gyara. Ita kuma Suwaiba na ce tunda gurbin Abuja na nan, ta je ta tsaftace masu can."

Babanta ya yi tari don ya ɓoye dariya, ya ja Alhaji cikin shago.

Mustapha ya matso, ya juyo mata da allon wayarsa. Hoton fayil ɗin ne. Gargaɗinta ya dawo da Hausarsa, harafi bai ɓace ba, sunanta a ƙarƙashi.

"Na mayar da shi," ya ce a hankali. "Zuciyata, ni..."

"Ban ji ba."

Ya ja dogon numfashi. Ya taka har jikin motar, ya cire hula, ya durƙusa a ƙasan lungun da fararen kayansa. Ya ɗaga murya, har mai tuyar awara a bakin layi sai da ta juyo.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ranar nan ƙarya na yi. Ba ma'aikaciyata ba ce. Ita ta gina Garma, ni na taya ta. Kuma ita nake so... ita nake roƙon ki sa mana albarka."



Safara'u ta ƙarasa ta durƙusa nesa da shi kaɗan, kanta a ƙasa.

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Ta kalli ƙofar gidan ta langa-langa, ta kalli ɗanta a cikin ƙasa, ta sauke ajiyar zuciya. Fuskar ba ta saki duka ba, amma ta buɗe ƙofar motar ta zuro ƙafa ɗaya waje.

"Ke," ta ce. "Mi ma kika ce sunanki?"

Ta ɗago ido, hawaye na gangara, murmushi na neman ƙwace mata.

"Safara'u, Hajiya."

"Safara'u." Hajiya ta maimaita a hankali. "To tashi ki shiga da ni in gai da mahaifiyarki."