Tukunyar da Tomoharu Bai Dafa Ba

Ranar bikin unguwa ne a garin Morioka, kowane gida ya fito da girkinsa. Tomoharu, wani saurayi direban bas, yana tsaye bayan ƙatuwar tukunyar miyar kori. Mahaifiyarsa ce ta dafa, ta ce ya je ya raba don ƙafarta na ciwo.

Wata budurwa ta miƙo farantin shinkafa, ya zuba mata. Ta kai cokali ɗaya baki, ta tsaya cak.

"Wa ya dafa wannan?"

Ya kalli idanunta, bakinsa ya riga shi. "Ni ne."

Sunanta Chizuru, tana aiki a shagon magani. Kafin a watse sun karɓi lambar juna.

Wata shida soyayya na ta yauƙi, ƙaryar kuma na nan kwance a ƙasanta. Wata rana ta turo masa saƙo:

"Tomo nawa, na gwada miyar kori, na gurza tuffa, na zuba zuma, amma ko ƙafar taka ba ta kamo ba. Mene ne sirrin? Ko sai na yi kuka?"

Ya mayar mata: "Sirrin gida ne, Chi-chan. Sai kin shigo gidan za ki ji."

Yana turawa ya kife wayar, kunnuwansa na zafi. Shi da ko ƙwai bai iya soyawa ba! Sau uku yana shirya faɗa mata gaskiya, tana yi masa murmushi sai ya haɗiye.

Mahaifinta, tsoho Hayasaka, ya yi shekara talatin yana girki a jirgin ruwa. Ɗan abokinsa, wani likitan haƙori, yake so ta aura. Da ta kai masa zancen Tomoharu, sai ya yamutsa fuska.

"Direban bas? Me ya iya ban da taka birki?"

"Baba, gwanin girki ne fa kamarka."

"To, ya zo ranar Lahadi ya dafa mana."

Tomoharu ya ruga wurin mahaifiyarsa.

"Au, da miyata kake zance? Ka je ka faɗa musu gaskiya, ɗan nan."

"Mama, ki dai taimaka."

Ta yi tsaki, ta lissafa masa: a soya albasa har ta yi ja, a gurza tuffa, ɗan garin kofi, da ɗan gutsuren cakulan mai ɗaci.

Ranar Lahadi tsoho ya ja kujera ya zauna a ƙofar kicin. Tomoharu ya ɗora tukunya a wuta. Albasa ta ƙone a gefe, tsakiya ɗanya. Ya jefa dunƙulen kori wuta na ci, miyar ta yi gudaji. Don ya gyara, ya tura sandar cakulan guda da cokali uku na kofi. Ƙauri ya cika gidan.

Aka zauna cin abinci. Mahaifiyar Chizuru ta yi ƙoƙari ta haɗiye loma biyu, ta nemi ruwa. Chizuru ta kasa ɗago kai.

Tomoharu ya ja da baya, ya kafa goshinsa a tabarma.

"Baba, ku gafarce ni. Ban taɓa girki ba. Miyar ranar biki ta mahaifiyata ce."

"Tun da ka ɗauki wuƙa na sani," in ji tsohon. "Ƙona miya ba laifi ba ne, na ƙona ta fiye da sau ɗari. Amma wata shida kana kallo 'yata na cika baki da kai. Tashi ka tafi."

Chizuru ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Kwana goma ba ta amsa kiransa ba. Ko ta gaban shagonsu bas ta biyo, sai ya kau da kai. A ƙarshe ya rubuta:

"Ban cancanci amsa ba. Na ji tsoron in kin san ni ba kowa ba ne za ki tafi. Miyar ce ƙarya, Chi-chan, sauran duk gaskiya ne."

Sai washegari ta mayar:

"Na ji kunya a gaban Baba da ƙawayena. Da ka ce ba ka iya ba, ai ni zan koya maka, wawa kawai. Har yanzu ina fushi. Ka ci abinci?"

Ranar hutunsa ya sayi buhun albasa ya nufi gidan. Tsoho ya buɗe ƙofa, ya kalle shi sama da ƙasa.

"Me kuma?"

"Baba, ku koya mini."

Tsohon ya matsa gefe. "Wanke hannunka."

Duk mako haka. "Rage wutar! Albasa ba ta son gaggawa. Kashe murhun kafin ka saka dunƙulen. Kofi kan cokali kawai, ba shayi kake haɗawa ba." Chizuru kan wuce ta ƙofar kicin kamar ba ta gan shi ba, tana danne dariya.

A mako na bakwai tsoho ya cinye miyar da Tomoharu ya dafa, ya share farantinsa tas. Sai ya miƙo shi. "Ƙara mini."

Da bazara aka ɗaura aure. A wurin walima tsoho Hayasaka ya miƙe, ya sunkuya wa mahaifiyar ango.

"Ga 'yata nan na ba ku. Gishirinta kan yi yawa, bakinta ma haka. Ku yi haƙuri da ita."

"Baba!" in ji amarya, ta rufe fuska da hannun rigarta.

Aka kwashe da dariya. Tsohon ya juya ga ango.

"Ku zauna lafiya, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku tsufa tare."