Ba Mu Cika Ba

"Kowa ya sauko! Fuska a ƙasa — kar wanda ya ɗago!"

Muryar Sanda ce, jagoransu. Hambali yana jin ta daga bakin burtali, inda ya ɓoye tsohuwar Golf ɗin a bayan wata gonar gero. Injin a kunne. Ƙafarsa a kan kuloc. Hantsi ne, gari tarwai, a kan hanyar Gwaram. Ta tsakanin karan geron yana hango farar bas ɗin da suka tare da kututture, mutane suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da malafa, wasu da kyamara a wuya. 'Yan yawon buɗe ido ne daga Kano, za su gandun daji kallon giwa. Bakinsa ya fara motsi ba da saninsa ba. Ɗaya, biyu, uku… sha takwas. Da direba sha tara.

Wannan ƙirgen shi ne ciwon Hambali, kuma a gandun dajin ya samo shi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa buɗaɗɗiyar motar da ake zagayawa da baƙi a cikin gandun. A can ba a yawo da ƙafa, ba a danna ham, ba a sauka sai inda aka ce a sauka. Abu na farko da ake koya wa direba kuwa shi ne, kafin ya murɗa makulli ya juya ya ƙirga kawuna. Nawa ka ɗauko, nawa za ka mayar. Wata la'asar, a gindin wani dutse da ake tsayawa ɗaukar hoto, hadari ya haɗo, baƙi suka hau azalzalarsa. Ya ƙirga a gurguje ya samu ashirin. Ashe ya haɗa da ɗan rakiya mai bindiga, wanda ba ya cikin lissafi. Malam Ashiru, wani malamin makaranta mai farar riga da ya zo shi kaɗai, ya zagaya bayan dutse kama ruwa. Bayan kwana biyu aka tsinci tabaransa da takalmi ƙafa ɗaya.

Aka sallami Hambali, ya dawo Birnin Kudu. Amma akwai abin da bai faɗa wa masu bincike ba, bai faɗa wa matarsa Batulu ba. Ranar ya ga wani abu a madubi. Fari, can nesa, yana gudu, kamar da hannu a sama. Ya ce wa ransa balbela ce, ya ƙara wuta.

Shekara tara ke nan, duk madubin mota da ya kalla sai ya ga Malam Ashiru yana biye. A tasha sai ya ƙirga fasinja sau uku, ya tashi, ya tsaya ya sake ƙirgawa. 'Yan kamasho suka raɗa masa Ƙirgau. Masu mota suka riƙa karɓe makullinsu ɗaya bayan ɗaya. Ko yanzu, madubin Golf ɗin a naɗe yake da tsumma.

A haka Sanda ya same shi, wata azahar a garejin Ɗanladi bakanike. Sanda yana son direban da zai iya keta burtali da damina ba tare da ya kafe ba, yana kuma son sanin yadda masu zuwa gandun suke tafiya. Kar wani ya ce yaudarar Hambali aka yi. Da bakinsa ya zayyana musu komai: mai son ya samu zagayen yamma dole ya baro Kano bayan asuba, ya tsaya shan shayi a Birnin Kudu, ya wuce nan da hantsi. Ranar Asabar suka fi yawa. Wayoyinsu manya ne, kuma ba sa tahowa da rakiya. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa, ya ce su huɗu za su fita, su huɗu za su dawo.

Sanda ya tuntsire da dariya. "Ba matsala, Ƙirgau. Ka ƙirga mu har ka ƙoshi."

Ɗanladi ne na uku. Na huɗunsu shi ne Jafaru, mutumin Gwaram, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai yawan surutu. Shi kaɗai ne a cikinsu yake kiran Hambali da Baba Hambali. Ko da safen nan sai da ya gutsuro masa ƙosai yana tsokanarsa, wai in an gama harka ya kai shi ya ga giwar nan da ido, kar ya mutu yana jin labari.

A kan kwalta, aiki yana tafiya da sauri. Ɗanladi yana riƙe da buhu. Jafaru yana bin mutane yana cewa a miƙo waya, a miƙo agogo, fuskarsa a naɗe da rawani. Sai wata dattijuwa da ke kwance kusa da taya ta ɗago kai. Malama Hapsatu ce, 'yar Gwaram da aure ya kai Kano. Shekara shida ta koyar da Jafaru a Islamiyya, kuma murya ba ta ɓuya.

"Jafaru? Jafarun Inna Balaraba?"

Buhun ya tsaya. Jafaru ya tsaya. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne, sai ya ja da baya yana sunkuyar da kai kamar an kama shi ya makara aji. Sanda ya gani, ya kuma gama shawararsa a wurin.

Abin da ba su sani ba, wani ɗan acaɓa da ya hango kututturen tun daga nesa ya juya a guje. Minti goma da suka wuce ya faɗi gaban Insifeto Muhsin a shingen bincike yana haki. Insifeto bai tsaya dogon tambaya ba. Ya kwashi mutum biyar a motar sintiri, ya ce wa direba kar ya kunna jiniya sai sun hango bas ɗin.

Jiniyar ta tashi.

"Ta fashe! Mu ware!" in ji Sanda.

Gero ya fara karyewa. Takun gudu. Sai ƙara guda ɗaya — tau! — daga cikin gonar, ba daga kwalta ba. Ƙofa ta buɗe, Ɗanladi ya faɗo baya da buhu. Sanda ya faɗo gaba, bakin bindigarsa yana wari.

Hambali ya juya. Ɗaya, shi. Biyu. Uku.

"Ba mu cika ba."

"Ja mota!"

"Ina Jafaru?"

"An gane shi. Ya zama kaya. In suka kama shi da rai, kafin la'asar ya rera sunanmu duka." Sanda ya ɗora masa ƙarfen a wuya, da zafinsa. "Ja, ko ka bi shi!"

Hambali ya saki kuloc. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ya ji kunyar kansa tun kafin ya sa giya ta biyu. Motar ta cilla cikin burtali. Taɓo ya watsu. Hannunsa ya tuna aikinsa — ya kauce wa rami, ya bi sawun shanu inda ƙasa ta fi tauri, ya ƙetare kwazazzabo a karkace. Saura kaɗan su shiga duwatsu, inda motar sintiri ba za ta iya bin su ba. Da Sanda ya zauna shiru, da sun tsira.

Amma Sanda yana son ya ga ko ana biye da su. Ya miƙa hannu ya fizge tsumman da ke kan madubi.

Hambali bai so ya kalla ba. Idonsa ne ya tafi da kansa.

Ga Malam Ashiru nan, da farar rigarsa, inda ya saba. Amma yau ba shi kaɗai ba ne. A gefensa akwai wani, rawani ya warware yana jan ƙasa, yana gudu yana tangaɗi, hannu ɗaya dafe da ciki, ɗaya a sama.

Ƙiii! Birki. Kan Sanda ya daki gilashi. Hambali ya kashe injin, ya zare makulli, ya wurga shi cikin gero iya ƙarfinsa.

"Ka haukace? Ƙirgau, ka haukace?"

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa, haƙori biyu suka tafi. Sanda ya ɗana bindigar, sai jiniya ta karyo kwanar burtali. Ya yi ashar, ya ɓalle ƙofa ya faɗa gona, Ɗanladi a bayansa, buhun ma ba su ɗauka ba. Ba su yi nisa ba. Manoma suna cikin gonakinsu da fartanya, sun kuma ji harbi. Ɗanladi ya ɗaga hannu aka ɗaure shi. Sanda ya tsaya musayar wuta da 'yan sanda a gindin wata kuka, a nan ya ƙare.

Hambali bai ga ko ɗaya ba. Shi baya ya koma, da ƙafa, yana bin sawun tayarsa. Ya samu Jafaru a durƙushe cikin taɓo. Ya ɗaga shi ya jingina shi a ƙirjinsa, yana danne ramin da ke bayansa da tafin hannu.

"Baba Hambali," in ji Jafaru, muryar ta yi ƙasa. "Na san za ka ƙirga."

Ya laƙƙana masa kalmar shahada. Jafaru ya kai rabi.

A haka Insifeto Muhsin ya iske su. Ya dubi Golf ɗin lafiya lau, ya dubi duwatsun da ke gabanta, ya tambayi Hambali abin da ya tsayar da shi alhali ya riga ya kuɓuta. Hambali ya ce ba su cika ba. Insifeto ya ɗauka duka ne ya taɓa masa kai.

'Yan Kano sun karɓi wayoyinsu, amma ba wanda ya ƙara zancen giwa, bas ta juya gida. Malama Hapsatu ta ƙi shiga. Ta ce ita ta kira sunan yaron, ita za ta je Gwaram ta faɗa wa uwarsa. Batulu kuwa tana gida tana tankaɗe, a saninta mijinta ya samu lodin buhuna zuwa kasuwa.

Aka ɗora gawa biyu a bayan motar sintiri, aka zaunar da Ɗanladi da Hambali da ankwa. A bayan mota ba madubi, fuskarsa tana kallon hanyar kai tsaye. Ya ɗora hannu a ƙafar Jafaru, ya ce wa ransa wannan dai ya koma ya ɗauko shi, ko Allah zai sa Malam Ashiru ya sake shi haka. Motar ta tashi. Ya ɗaga ido.

Fari, can nesa, hannu a sama.

"Yallaɓai," ya ce wa sajan ɗin da ke gadinsu, jini yana bin haɓarsa. "Don Allah a tsaya. Akwai saura mutum ɗaya."

Sajan ya dube su, ya ƙirga da bakin bindiga, rayayyu biyu, matattu biyu.

"Kun cika," ya ce. Ya buga rufin motar, direba ya ƙara wuta.